Ku masu koyon kodin, 1,500 fa tana iya komawa naira ɗaya

Samarinmu na Katsina masu koyon kodin, akwai ɗabi'ar da nike gani tana ba ni haushi wallahi. Mutum ya koyi int(), wato umarnin da ke maida rubutu lamba, jiya, yau ya ɗora ta kan duk abin da aka taipo mashi, ya miƙe ƙafa wai ya gama aiki.

Kwanan baya wani ƙanena ya yi ma wani mai shagon kayan masarufi can wajen Ƙofar Ƙaura ɗan shirin lissafin ciniki da JavaScript. Alhaji ya rubuta 1,500 yadda kowa ke rubuta kuɗi, ita kuwa parseInt, mai maida rubutu lamba a JavaScript, ta karanta 1, ta iske waƙafi ta ja birki, ta miƙo naira ɗaya abinta, ba ƙorafi ba jan rubutu ba komi. Dare ya yi, kuɗin aljihun tebur da na kwamfuta suka ƙi haɗuwa, aka fara hararar yaron shago, bawan Allah ko sisi bai taɓa ba.

Python gara ita, tana da baki. Ka ba int() "1,500" ko "12.5" take za ta jefo maka saƙon kuskure na ValueError. Amma don Allah kar ka sa try da except masu tare kuskure ka rubuta pass, wato a wuce kawai, a ƙasa don ta yi shiru, wannan rufe kashi da faifai ne. Ka ce ma mai taipin ya sake. Kuma input(), mai karɓar abin da aka taipa, rubutu take ba ka kullum, shi ya sa "500" da "200" ke haɗuwa su zama 500200, ba aljanu ba ne.

Sai lambar waya. Haba jama'a! Yaushe ka taɓa tara lambarka da ta Inna ka fidda jimla? Ka maida ta int sifilin farko ya faɗi, 0803 ta koma 803, in kuma int mai bit 32 ce irin ta Java, iyakarta 2,147,483,647, lambar ma ba ta shiga. Lambar akawun da NIN duk haka, a bar su rubutu.

Shi ƙanen nawa na ce ya cire waƙafi kafin ya maida rubutun lamba, ya riƙa duba NaN, wato amsar da parseInt ke ba da wa in ba ta samu lamba ba, sannan ya tafi ya ba yaron shagon nan haƙuri. Biyun farko ya yi su tun a daren. Na ukun har yau yana ce mani gobe.