Shekara ashirin domin minti biyar a bayan labule

Jiya a wani zauren WhatsApp wani ɗan uwa ya turo bidiyon wata yarinya tana kaɗa gogen Turawa, yatsunta na gudu kamar babu ƙashi a ciki. Nan take aka shiga yabo: "Baiwa daga Allah." "Wannan ai da shi aka haife ta." Na rubuta amsa na share, na sake rubutawa na sake sharewa, daga ƙarshe na ga maganar ta fi ƙarfin zaure, shi ya sa na kawo ta nan. Kafin wani ya taso mini: hukuncin kiɗa fagen malamai ne, ban kai can ba. Ni sana'ar nake magana a kai, yadda ake koyonta da abin da take cinye wa mai ita.

Lokacin da nake karatu a Jamus na yi shekara biyu a gidan hayar ɗalibai, bango ɗaya ne ya raba ni da wani saurayi mai koyon goge. Wallahi watan farko kamar in shaƙe shi. Ƙarfe takwas na safe zai fara, kuma kada ku ɗauka waƙa mai daɗi zan ji. Sauti ɗaya ne zai ja a hankali, ya ja, ya ja, kamar kukan ƙofar da ta rasa mai. In ya gama wannan sai ya kama wani ɗan guntun layi da bai wuce daƙiƙa goma ba, ya yi ta maimaita shi har sai na haddace shi ni da ban biya kuɗin makaranta ba. Wata rana muka haɗu a kicin, yana dafa taliya, na hango wani baƙin tabo a wuyansa ta hagu, ƙasan muƙamuƙi. Na zaci ciwo ne. Ya yi dariya ya ce wurin zaman goge ne, kanta ce irin ta tafin hannun manomi. Yana ɗan shekara biyar aka fara ɗora masa goge a wurin, ranar da muke maganar kuwa shekarunsa ashirin da shida. Na ce to yaushe za ka gama karatun? Ya kalle ni kamar na tambaye shi yaushe zai gama numfashi.

Tun daga ranar, in na ji an ce "baiwa" sai in ji kamar an yi wa mutum ƙwacen guminsa. Ban ce babu baiwa ba, Allah na fifita wani a kan wani a kowane fage. Amma duk wanda ya kai matakin shiga manyan makarantun kiɗa ai yana da ita, har ta zama kamar ruwa a bakin kogi, ba ta raba gardama. Abin da ke raba su shi ne awa biyar ko shida a ɗaki kai kaɗai, kullum, har ranar hutu, shekara da shekaru.

To me ake nema da duk wannan wahala? Kujera ɗaya a cikin okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗan nan da za ka ga mutum tamanin ko ɗari sun zauna, jagora na tsaye gabansu da 'yar sanda. Jamus na da irin waɗannan ƙungiyoyi kusan 130 da ake tallafa wa da kuɗin gwamnati, abin da ya sa ɗalibai daga Koriya, Japan, Rasha da Latin Amurka ke tururuwa zuwa can. Manyan makarantun kiɗa na gwamnati 24 ne a ƙasar, kowace shekara suna yaye ɗalibai. Kujerar kuma ba ta faɗuwa sai mai ita ya yi ritaya ko ya mutu, domin wanda ya samu ba ya saki.

Maƙwabcina ya ba ni labarin yadda ranar gwaji take. Ka aika takarda, cikin masu nema da yawa a gayyaci kaɗan. Kai za ka biya kuɗin jirgin ƙasa da na masauki. A ba ka lamba, ka zauna a wani ɗaki da sauran masu nema, kowa na kaɗa abu iri ɗaya da naka, galibi wani kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan Turai, da kowa ya haddace tun yana yaro. A kira lambarka, ka shiga, ka tarar da labule tsakaninka da masu sauraro. Ka fara. Bayan minti uku, ko biyar in ka yi sa'a, wata murya daga bayan labule ta ce an gode. Shi ke nan. Ka mayar da goge cikin akwati ka kama hanyar tasha, ba ka san ko yatsa ne ya zame ba, ko kuwa wanda ya riga ka shiga ne ya fi ka. Wanda ya ci ma bai tsira ba, akwai shekarar gwaji a gabansa, a ƙarshenta abokan aikinsa su kaɗa ƙuri'a a kan ko ya zauna ko ya tafi.

Labulen nan yana burge ni, gaskiya. Ƙungiyar birnin Boston a Amurka ta fara gwada shi tun 1952, daga baya wasu suka bi, har a wasu wuraren ake shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta tona cewa mace ce ta shigo. A 1980 wata Ba'amurkiya mai busa ƙaho, Abbie Conant, ta ci gwaji a Munich ta bayan labule. Da aka ɗaga aka ga mace, sai magana ta canja. Daga baya aka sauke ta zuwa kujera ta biyu, ta shafe sama da shekara goma tana shari'a kafin ta karɓi matsayinta da albashinta cikakke. Ƙungiyar Vienna kuwa, wadda ake ji da ita a duniya, sai a 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba. Wani lokaci nakan zauna in ce, da za a rataya irin labulen nan a wuraren ɗaukar aikinmu, babu "ɗan wane ne", babu katin Alhaji, da mun ga abin mamaki. Bari dai in bar wannan.

Sai dai akwai abin da labule ba ya iya rufewa. Yana ɓoye fuskarka, amma kunnen alƙalai yana jin kuɗin da aka kashe a kanka. Waye ya biya malami tun kana ɗan shekara biyar? Waye ya riƙa sayen sabon goge duk lokacin da hannunka ya ƙara tsawo, har aka kai ga na ƙwararru wanda kuɗinsa ya isa mota? Wace uwa ce take da sararin kai ka darasi ta zauna jiranka? Makarantar Curtis a Philadelphia ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta duka-duka ba su kai ɗari biyu ba, kuma kafin ka isa ƙofarta sai an riga an zuba maka karatun shekara goma ko fiye. Abin dariyar shi ne asalin waɗannan makarantu gidajen marayu ne a birnin Naples na Italiya, inda ake koya wa yaran da ba su da kowa kiɗa don su sami abin dogaro. Vivaldi da kansa, fitaccen mai tsara kiɗan Italiya, 'yan mata marayu ya koyar a Venice tun daga 1703. Abin da ya faro a matsayin sana'ar maraya, yau sai ɗan mai hali.

Ga kuma jiki. Leon Fleisher yana cikin manyan masu fiyano na Amurka lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa a 1964, yana da shekara 36. Ya shafe kusan shekara talatin da hannun hagu kaɗai yake kiɗa, sai koyarwa da jagorancin makaɗa.

Jaz kuwa, wani salon kiɗan Amurka, wata hanya ya biyo, kuma ita ce ta fi kama hankalina. Baƙaƙen fatar Amurka da suka gina shi ba a aji yawancinsu suka koya ba. A gaban manya ake koyo, cikin dare, a gaban jama'a, in ka yi kuskure a kunyata ka nan take. Charlie Parker, wanda ya zama gwanin busa saksofon (wani abin busa na ƙarfe), bai kai shekara 17 ba ya hau dandali a birnin Kansas, ya rikice a tsakiyar busa, makaɗin ganga Jo Jones ya cire faifan ƙarfe ya wurgo a gabansa, alamar sauka. Yaron ya tafi da kunyarsa. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisaye awa 11 zuwa 15 a rana. Sonny Rollins kuma sunansa ya riga ya yi tambari a 1959 lokacin da ya ga busarsa ba ta gamsar da shi ba. Ya daina fita wasa, ya riƙa ɗaukar saksofon ɗinsa zuwa kan gadar Williamsburg a New York, don kada ya dami maƙwabta, ya yi ta busa wa iska da jiragen ruwa har shekara biyu. Wai baiwa.

Sannan akwai bin ubangida. Ƙungiyar makaɗin ganga Art Blakey ta yi sama da shekara talatin tana aikin da jami'a ke yi: ya ɗauko matashi, ya yawata da shi gari-gari, ya gasa shi kowane dare, in ya nuna ya sallame shi ya je ya kafa tasa. Manyan masu busa irin su Lee Morgan, Wayne Shorter, Freddie Hubbard, duk ta hannunsa suka bi. Duk wanda ya san yadda ɗan amshi ke shekaru a bayan maigidansa kafin ya karɓi gaba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai busa ƙaho Wynton Marsalis ya shiga Juilliard, babbar makarantar kiɗa ta New York, a 1979, shekara na zagayowa ya bi Blakey, kuma a ganina ya san abin da yake yi.

Yau jaz ya koma aji. Makarantar kiɗa ta Berklee a Boston ta buɗe a 1945, jami'ar Arewacin Texas ta fara ba da digiri a fannin a 1947, ita kanta Juilliard da ta daɗe tana ɗaga masa hanci ta buɗe sashensa a 2001. Ban raina wannan ba. Yaran yanzu sun iya karanta rubutun kiɗa, sun san ƙa'ida, yatsunsu sun fi na kakanninsu gudu. Inda nake da ja shi ne lissafin. Makarantu na ƙaruwa, wuraren da ake biyan makaɗi yana kiɗa kowane dare na raguwa. Sai yaro ya fito da bashin karatu a wuya, ya yi wasan biki yau, gobe otal, jibi ya koyar da 'ya'yan masu kuɗi fiyano, in Allah ya taimake shi ya sami koyarwa a wata makarantar, ya yaye wasu da za su fito su tarar da abin da ya tarar. Makarantar da ke karɓar kuɗin yaro tana sane da wannan, in ba ta zaunar da shi ta gaya masa tun ranar farko ba, ni a wurina ta ci amanarsa. Masu kujerar dindindin ma korona ta nuna musu iyakarsu: makaɗan gidan opera na Metropolitan a New York sun yi kusan shekara guda ba albashi daga 2020.

Akwai mutum ɗaya da ya haɗa hanyoyin biyu, kuma ƙafarsa ta taka ƙasarmu. Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920, ya tashi a Detroit, ya yi busa da shahararren makaɗin jaz Dizzy Gillespie tun 1949, ya musulunta, ya yi suna. Da wannan sunan nasa ya koma aji ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa, ya karɓi digirin farko a makarantar kiɗa ta Manhattan a 1969 yana dab da hamsin, ya yi digirin digirgir a 1975. A 1981, ya haura sittin, ya tattaro ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, ya zauna har 1985. Cikin abin da ya duƙufa a kai har da sarewar Fulani. Ku duba fa: dattijon da duniya ta san shi, da digiri uku a aljihu, ya tsallako teku yana nazarin abin da yaro makiyayi ke busawa a bayan shanu, abin da mu in mun ji ko waiwaye ba ma yi. Mutane nawa ne a Samaru suka san wanda ke wucewa ta gabansu a lokacin?

Maƙwabcin nawa ya je gwaji sau goma sha ɗaya kafin in bar gidan. Sau biyu ya kai zagayen ƙarshe. Na tuna daren da ya dawo daga na goma sha ɗaya, na ji ya buɗe ƙofa, ya ajiye akwati, shiru. Na ɗumama shinkafa da miyar da ta rage na kai masa, muka ci ba wanda ya ce uffan, sai barkonon da ya sa shi hawaye, ko kuma dai ya sami abin fakewa. Washegari ƙarfe takwas sautin nan ɗaya ya sake ratso bango. Labarin ƙarshe da na samu, yana koyar da yara a wata makarantar kiɗa ta ƙaramin gari, ranar Asabar kuma yana cike gurbin wanda bai da lafiya a wata ƙungiya. Ya ce ɗalibarsa mafi ƙanƙanta shekararta biyar, kuma uwarta ta riga ta fara tambayarsa ko yarinyar tana da baiwa.