A bar wa maƙeran Sudan ƙarfensu

Manyan motoci ne suka sa ni rubutun nan. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, kullum sai ka ga an loda tarkacen ƙarfe ana fita da shi: ƙonannun motoci, ƙofofin gidaje, wayoyin tagulla da aka tono daga ƙasa. 'Yan gwangwan suna saye a kan sikeli, kilo-kilo. Wai ana share gari ne kafin a sake gini. Ba wanda ya tambayi maƙeri ko yana bukatar wani abu a ciki.

Alhali da wannan tarkace yake ci. Maƙeran Kasala da sifirin na tsohuwar babbar mota, wato ƙarfen da ke ɗaukar nauyinta a kan tayoyi, suke ƙera takobi, kuma daga shi ake fitar da lauje da gatari mai riƙe kaifi. Kwanakin baya na zauna a wata maƙera a Gadarif. Dattijo ya ɗauko guntun sifirin, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera, ya kasa kunne, sannan ya ajiye shi gefe. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Wannan ya sha wuta, ɗana, ya mutu, ko na ƙera ba zai yanka ba." Jikansa na kan zugazugi yana ji. Irin wannan kunnen ba a samunsa a shekara ɗaya.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, masana'antun Bahri, wato Khartum ta Arewa, suka tsaya cak, wa ya riƙe manomi? Riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, sai ya fashe ya zube a ƙasa. Maƙeri ne ya wasa lauje. Da gas ya yi wuya, shi ya lanƙwasa murhun gawayin da 'yan gudun hijira suka dafa abinci a kai, daga Mai Wurno har Damazin. Yau ana lissafin sake gina ƙasa, sai sunayen kamfanonin waje kake ji, kamar mutanen nan ba su taɓa riƙe masaba ba. Wannan butulci ne.

Masu cewa a sa wa maƙera ido don suna iya haɗa bindiga, su gaya mana wace bindigar toka ce ta rusa Khartum. Kalashnikov da jirage marasa matuƙa ba daga gindin zugazugi suka fito ba.

Mu ma Hausawa da laifinmu. Muna alfahari da kakannin da suka yo gabas zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903, amma in ɗan maƙeri ya zo neman aure sai a fara duban ƙasa. Yaro ya ga haka, ya jefar da awartaki ya tafi tuƙa raksha, wato babur mai ƙafa uku.

A ware wa maƙeran kowace kasuwa rabonsu na ƙarfen nan kafin a ɗora shi a mota, a farashin da za su iya. In za a sayi kayan noma a raba wa masu komawa gonakinsu a Jazira da Sinnar, a fara da na maƙerar unguwa.