Wutar lantarki ba ta maye gurbin gashin ƙashi

Wani labari da na karanta ya nuna kamar tura wutar lantarki a ƙwaƙwalwa kaɗai zai tayar da hannun mai shanyewar ɓarin jiki, alhali na'urar Vivistim da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2021 jijiyar wuya take zaburarwa, kuma sai a lokacin da majinyaci yake atisayen ɗaga kofi ko murɗa makulli gaban likitan gashin ƙashi ko a gida. Kai kuma Malam da ka ce mu garzaya asibiti neman wannan magani, ka duba halin 'yan'uwanmu a nan Jidda da Makka: wanda ba shi da igama (takardar izinin zama a Saudiyya), balle inshorar lafiya, wa zai biya masa tiyatar dasa na'urar, da watannin atisaye bayanta?