Yaran Chennai ba su fi namu kai ba

Shekarata huɗu ke nan a Chennai ta ƙasar Indiya, aiki ne ya kawo ni, kuma tun watan Disambar 2024 da Gukesh ɗan Indiya ya doke Ding Liren na Caina ya zama zakaran duniya a wasan ces yana ɗan shekara 18, in dai na yi waya da gida sai wani ya ce min ai Indiyawa Allah ne Ya ba su kai. Wallahi maganar nan na yi min ciwo, don ni duk sati sau uku nake kai 'yata ajin ces a unguwarmu, na zauna na ga yadda ake renon yaran nan tun ba su san tafiyar doki ba, kuma ban ga ƙwaƙwalwar da babu irinta a Fagge ko Tudun Wada ba.

Da ta fara tana shekara bakwai, wata da watanni malaminsu bai koya musu yadda ake buɗe wasa ba sam, ni har na fara jin haushi ina ganin kuɗina ne ke tafiya a banza. Ƙarshen wasa ya sa su a gaba, yadda za ka rufe sarkin abokin wasa da sarauniyarka da sarkinka kaɗai, yadda soja ɗaya zai kai ƙarshen allo da taimakon sarkinsa, sai matsalolin da ake jera musu a takarda, kisa a taku ɗaya, kisa a taku biyu, kullum a ba su na gida kamar lissafi. Abin da ya fi tsayawa a kai kuma shi ne rubutu, duk wasan da yaro ya buga sai ya rubuta shi taku bayan taku, in ya sha kashi ya zo da takardar a zauna a bi ta, a nan me ka gani, me ya sa ka taɓa wannan ka bar wancan. Yarinyar nan ta sha kuka a kan takardun nan fa, amma a kansu na ga ta fara canjawa, hannunta ya daina riga tunaninta.

Sai gasa. Kusan duk ƙarshen mako akwai gasar yara a wani lungu na garin nan, a makaranta ko zauren biki, 'yan ƙasa da 7, ƙasa da 9, ƙasa da 11, iyaye mata zaune a waje a kan tabarma da kulolin abinci tun safe har yamma. A irin wannan hayaniyar yaro ke saba wa agogo, ya saba da faɗuwa, daga nan ya shiga gasar da hukumar ces ta duniya, FIDE, ke ƙirgawa ya samu makinsa na ƙwarewa, wanda yanzu daga 1400 yake farawa. Daga nan zuwa 2500 da ake nema kafin a kira mutum giranmasta, wato babban gwani a wasan, ga kuma sakamako na musamman har sau uku a manyan gasanni, tafiya ce mai nisa, kuma a tsakiyarta yawancin yara ke zubewa, lokacin da 'yan dabaru suka daina ci, sai ka iya zaman awa huɗu a kan wasa ɗaya da wanda ya fi ka. Gukesh ya kai yana shekara 12 a 2019, amma babansa likita ne da ya ajiye aikinsa ya riƙa yawon gasa da shi, kuma kocinsa Vishnu Prasanna ya hana shi dogara da injin kwamfuta sai da ya zama giranmasta, don ya koyi lissafi da kansa. Ga Anand, giranmasta na farko a Indiya tun 1988, ɗan garin nan ne, yara na ganinsa ido da ido, kuma shi da kansa yake jan na bayansa.

To yanzu ku dubi ɗan yayana a Kano, shekararsa 11, a waya ya koya da kansa babu wanda ya nuna masa, kuma na rantse ya fi 'yata saurin gani nesa ba kusa ba. Amma wasan minti ɗaya yake ta bugawa a intanet, ya ci ya wuce, a ci shi ya wuce, bai taɓa zama gaban mutum da agogo ba, duk unguwarsu ya fi kowa don haka babu mai ja masa kunne. Mu da muka tashi muna ganin dattawa na buga dara a gindin bishiya suna lissafin taku uku gaba, wa zai ce ba mu da kan abin? Tani Adewumi ɗan Najeriya ne, iyayensa suka yi gudun hijira zuwa Amurka, a 2019 yana shekara 8 ya ci gasar yara ta jihar New York yana kwana a gidan marasa matsuguni, saboda makarantarsu na da koci kuma gasa na nan kusa. Abin da Tunde Onakoya ke yi wa yaran talakawa a Legas abin a yaba ne, amma koya wa yaro tafiyar kayan wasa matakin farko ne kawai, in babu gasa a Kano da Kaduna da Zariya wata bayan wata to a nan zai tsaya.

Ba kuma komai na nan nake so mu ɗauka ba. Na ga uba na yi wa ɗansa ɗan shekara takwas tsawa a bakin zaure don ya faɗi wasa, yaron na rawar jiki, kuma cire yaro daga aji saboda ces da wasu ke yi a nan ni ba zan yi wa 'yata ba.

Yanzu dai na sa an saya wa ɗan yayan nawa allo da littafin rubutu, na ce duk sati ya buga wasa biyu masu tsawo ya rubuta, daren Juma'a mu yi bidiyo kol mu bi su tare da 'yata. Wancan satin ya kawo wanda aka ci shi a taku 31, muka tsaya a taku na 14 kusan rabin awa, sai can ya ce Baffa tsaya tsaya, ashe dokin nan ne bai kamata in fitar ba.