Kafin ka tafi Kaduna neman asalinka, shiga ɗakin Hajiya

Akwai maganar da ta daɗe tana damuna game da mu Hausawan da aka haifa a Legas. Tsayar da saurayi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ka tambaye shi daga ina suke, zai ce maka Kano. Ce masa wace unguwa ko wane ƙauye, sai ya fara sosa ƙeya. Sunan kakansa na wajen uba ƙila ya sani, don shi ne a katinsa na ɗan ƙasa. Na wajen uwa kuwa "Baba Tsoho" ne ko "Malam", iyakarsa ke nan. Ba ma jin zafin abin sai ranar da makaranta ko aikin gwamnati suka nemi takardar indijin, a je ƙaramar hukuma a gida a ce kawo dagacin da ya san gidanku, a nan Legas kuma a ce ai kai baƙo ne ko da a Zangon Agege aka yanke wa ubanka cibi.

Na ji daɗi da na ga matasa sun fara neman tushensu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda suke farawa. Wani zai kwana a intanet yana buga sunan kakansa, wani ya aika yawu ƙasar waje a yi masa gwajin ƙwayoyin halitta da daloli, sakamako ya dawo ya ce masa shi mutumin Afirka ta Yamma ne. Wannan ai madubi ma ya gaya maka kyauta. Wani kuma ya ji labarin ma'ajiyar tarihi, ya hau mota zuwa Kaduna, ya shiga ya ce yana neman Malam Audu da ya bar Kano zamanin Turawa. Wane Malam Audun?

Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta samo asali ne a 1954 da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rassanta uku ne: Ibadan, Kaduna da Inugu. Takardun cikinta ba da sunayen mutane aka jera su ba. Da ofisoshi da larduna aka jera su. A Kaduna za ka tarar da fayilolin lardin Kano a ƙarƙashin KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zariya ZARPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. Mafi amfani ga mai neman dangi su ne rahotannin ƙiyasin haraji, inda jami'in Turawa ke bin gunduma ƙauye-ƙauye yana ƙirga gidaje da sana'o'i, yana rubuta yadda aka kafa gari da jerin dagatan da suka riƙe shi. Idan ka zo da sunan gunduma da sunan ƙauye da kimanin shekara, ma'aikaci zai san inda zai sa hannu. Idan ba ka da waɗannan uku, ka yi asarar kuɗin mota. Su kuwa ba a ma'ajiyar suke ba, a bakin tsofaffin da ke zaune da mu a Agege suke, waɗanda muke wucewa da "ina kwana" kawai.

Shi ya sa na ce a fara da ɗakin Hajiya. Kuma da gangan na ce Hajiya ban ce Alhaji ba. Namiji zai ba ka layi ɗaya miƙaƙƙe, wane ya haifi wane, ya tsallake mata gaba ɗaya. Tsohuwa ce ta san wa ya auri wa, wa aka saka, wane ne agola, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nono da wa. Sannan jika yana da damar da ubansa ba shi da ita. Kunya ta hana uba ya tambayi uwarsa wasu abubuwa, ita ma alkunya ta hana ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Amma kai abokin wasanta ne. Wata tsohuwa a layinmu, jikanta ya zauna kusa da ita tana ɓare goro ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne a tashar jirgi aka tsinto ki?" Ta ɗaga sanda ta ce, "Kai angon banza, ni da aka ɗauko ni daga Bebeji da gara ta cika tarago!" Cikin wannan faɗan ya samu sunan gari, ya samu cewa ta jirgin ƙasa aka kawo ta, da ya ƙara tsokana kuma ta ce shekarar da Sarauniya ta zo ne. Ga shi nan an samu 1956 ba tare da an buɗe fayil ko ɗaya ba.

Kada ka tambayi tsoho shekara da lamba, ba haka yake lissafi ba. Tambaye shi da abin da ya faru. Zuwan Sarauniya 1956 ne. Rasuwar Sardauna Janairun 1966. Komawar motoci hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Kisan Murtala a Ikoyi Fabrairun 1976, bikin FESTAC 1977, fashewar bama-baman barikin Ikeja Janairun 2002. Ka kuma yi hattara da ranar haihuwar da ke kan takarda. Yawancin iyayenmu takardar rantsuwa ta kotu suka yi da girmansu, shi ya sa rabin unguwa aka haife su ranar ɗaya ga Janairu. Sai ka nemi sunan yanka na kowa, don Ladi da Talatu da Ɗanjuma da Tanko duk laƙabi ne, kuma a takardar alƙali sunan yanka za ka gani. Idan tsoho yana da zane a fuska, ɗauki hotonsa da izininsa ka kai wa tsohon wanzami. Askar Gobirawa daban, ta Kabawa daban, ta Barebari daban, kuma ba a yi wa yaran yanzu, don haka masu iya karanta ta ma ƙarewa suke yi.

Daga bakin Hajiya sai akwatinta. Kusan kowane tsohon gida akwai akwatin ƙarfen nan a ƙarƙashin gado, da ƙanshin kafur. A ciki za ka iya samun rasit ɗin haraji, katin fansho, tsohon fasfon aikin hajji, rasit ɗin filin da aka saya daga hannun Yarbawan da ke da ƙasar, hoto mai hatimin mai ɗauka a bayansa, wasiƙar ajami da aka aiko daga gida ta hannun direban motar shanu. Duba gafaka ma. Malamai da yawa a ganyen ƙarshe na littattafansu suke rubuta haihuwa da rasuwa da watan Musulunci. Ka ɗauki hoton komai gaba da baya da wayarka a ranar, kada ka ce sai wani zuwan, domin damina ɗaya ta Legas ta isa ta mai da akwati kunu.

To sai tambayar da za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa: me ya kawo kakanka Ikko, wato Legas? Ba hanya ɗaya muka biyo ba, kuma kowace hanya inda takardunta suke daban.

Akwai hanyar soja, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Ingila ta karɓe Legas a 1861, a 1863 kuma John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ake lissafa ta cikin tushen sojan Najeriya da 'yan sandanta. Zaman Hausawa a Obalende yana da alaƙa da barikin soja. Takardun mulkin mallaka na Legas kuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Ibadan suke, cikin harabar jami'a, ba a Legas ba. Idan kakanka ya je yaƙin Bama da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila, CWGC, tana da shafin intanet da ake duba sunaye kyauta. Sai dai Turawa da sunan gari suke rubuta soja, Garba Katsina, Musa Sakkwato, Audu Bauchi, kuma irinsu da yawa ne. Lambar soja ce ke raba gardama, ita ma a akwatin Hajiya ko a jikin lambar yabo za ka same ta.

Akwai hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, kuma shi ya raya Agege. Goron da fatake ke wahalar watanni su ɗauko daga Gwanja sai ga shi ana nomawa a ƙasar Yarbawa, ana ɗaure huhu a Agege a loda a tarago. Shanu na gangarowa, goro na hawa. Wanda ya yi aikin reluwe yana da sa'a, don yana da lambar ma'aikaci da fayil, kuma hedkwatar hukumar na Ebute Metta. Amma ɗan goro da ɗan shanu da mai ɗaurin huhu, gwamnati ba ta rubuta su ba sai in sun yi shari'a ko sun sayi fili. Rajistarsu ita ce maigidan da ya sauke su. Duk baƙon da ya zo zango a gidan wani ya sauka, yawanci ɗan garinsu, shi ya tsaya masa a ciniki, sau da yawa ma shi ya yi masa aure. Nemi zuriyar maigidan kakanka. Je ka fadar Sarkin Hausawan unguwarku, ka zauna da liman da tsofaffin da ke jingine da bangon masallaci bayan la'asar. Kada ka je hannu rabbana, ka riƙe goro, kada kuma ka fito da waya ka fara naɗa kafin ka gama gaisuwa.

In akwai gida ko fili, ofishin rajistar filaye na Alausa yana da tsofaffin takardun mallaka, kuma jihar Legas tana da tata ma'ajiyar, LASRAB, a Magodo. Ga jaridu akwai ɗakin karatu na ƙasa a Yaba, akwai kuma shafin Archivi.ng da wasu matasa ke ɗora tsofaffin jaridun Najeriya a kai. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, takan kawo wasiƙun masu karatu daga garuruwa da labaran naɗin sarauta, amma sai ka juri buɗe shafi bayan shafi.

Abin da na fi ba wa muhimmanci a Arewa shi ne littafin alƙali na rabon gado. Babu takardar da ta kai shi ga mai neman dangi, domin shari'a ta tilasta a ambaci kowane magaji: mata, 'ya'ya maza da mata, iyaye in suna raye. Matan da bakin maza ya tsallake, alƙali bai isa ya tsallake su ba. Da Larabci aka rubuta tsofaffin, don haka tafi da malamin da ya iya karanta rubutun hannu na da. Ka tambaya a kotun garinku da fadar hakimi, sannan hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Ba zan yi maka alkawarin za ka samu ba. Gara ta ci wasu, ruwa ya ci wasu, an zubar da wasu wajen canjin ofis. Babbar kotun Igbosere da ke nan tsibirin Legas ma an ƙona ta a Oktoban 2020, da ɗimbin takardun da ke ciki.

Bari in taɓo inda ke da ƙaiƙayi. Kowa ka tambaya a Legas, kakansa ɗan sarki ne da aka hana sarauta ya yi fushi ya yi kudu, ko kuma sharifi ne. To wa ya yi dakon huhun? Wa ya kora shanun a ƙasa daga Arewa har Kurmi? Da yawa daga cikin waɗanda Glover ya fara ɗauka bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, kuma jikokinsu muna nan tare. Wanda zai yi bincike ya shirya wa abin da zai tarar. In ka samu kakanka ɗan dako ne da ya tara kwabo-kwabo ya sayi filin da kake karɓar hayarsa yau, rubuta shi haka. Maroƙi ma kada ka raina shi, kirarin gidanku yana ɗauke da sunaye da garuruwan da kowa ya manta. Amma ka tuna kuɗinka yake kallo, saboda haka duk abin da ya faɗa ka nemi baki na biyu, zai fi kyau daga ɗakin kishiyar kakarka, don a can ba za a ƙara maka gishiri ba.

Ga sarakunanmu na Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da sauran zangogi, da girmamawa nake cewa, ranku ya daɗe, wannan aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kuɗin rumfa da kujerun naɗin sarauta guda ya isa a sayi manyan littattafai masu kauri, a ɗauki yara biyu masu kyan rubutu, namiji da mace don a iya shiga cikin gida, su bi layi-layi suna rubuta wanda ya fara zuwa a kowane gida, garinsu, sana'arsa, maigidan da ya sauke shi da sunan matarsa na yanka. A ajiye ɗaya a fada, ɗaya a masallaci, a ɗauki hoton shafukan a aika Gidan Arewa. A fara da gidajen da ke da tsofaffin da suka haura tamanin.