Sikolashif ba kujerar Hajji ba ce

Tun da na zo Jamus karatu, saƙon da ya fi shigo mini a WhatsApp shi ne: "Yaya, don Allah a yi mana hanya." Ban ga laifin masu turowa ba, ni ma da wannan tunanin na taso. A Kano mun saba tallafin karatu abu ne da gwamna ke bayarwa. Mun ga ɗalibai 501 da Kwankwaso ya tura waje, mun ga 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023. Alheri ne, ba musu. Sai dai ya sa muna ɗauka ko'ina sai kana da uwa a gindin murhu.

A nan ban san kowa ba lokacin da na nema. DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin, tana da wani tsari na digiri na biyu don 'yan ƙasashe masu tasowa. Abin da ta nema digiri ne, da shaidar aikin shekara biyu, da wasiƙar shaida, da bayanin dalilin da ya sa kake son kwas ɗin. Chevening ta Birtaniya ma aikin shekara biyu take nema, da sharaɗin ka koma gida ka yi shekara biyu bayan ka gama. Turkiyya kan buɗe nata a Janairu ta rufe a Fabrairu, kuma shekarar farko harshen Turkanci za ka koya. Cike fom ɗin duk kyauta ne. Wanda ya zaunar da kai a kafe ya ce ka kawo dubu ɗari yana da mutum a ciki, to kuɗin cefanensa ka biya.

Wahalar da na sha, wallahi a gida na sha ta. Takardar cikakken sakamakona sai da ta ci wata huɗu. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ya ɓata, har na san wace kujera ce mai karyayyar ƙafa a bakin ofishin. Ranar rufewa ta wuce ina kallo, na jira wata shekarar. A jami'ar da nake yanzu, wannan takardar da kaina nake sauke ta daga kwamfuta kafin shayina ya huce. Bature kuwa in ya ce ƙarfe sha biyun dare zai rufe, ba ya jin "a yi haƙuri, an ɗauke wuta".

Wasiƙar shaida ma haka. Malamina cewa ya yi, "Je ka rubuto in sa hannu." Na rubuto yabo irin na maroƙa: haziƙi, mai ladabi, mai tsoron Allah. Daga baya na gane masu tantancewa ba wannan suke nema ba. So suke malami ya ce ga aikin da ɗalibin ya yi a gabana, ga inda ya yi tuntuɓe, ga yadda ya tashi. Mu kuma an rene mu da cewa yabon kai jahilci, shi ya sa muke rubuta bayaninmu a sunkuye, muna ɓoye ainihin abin da aka ce mu nuna.

Kada kuma a ruɗe ku da "karatu kyauta ne a Jamus". Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, gaskiya ne, ban da jihar Baden-Württemberg mai karɓar Yuro 1,500 duk zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai. Amma in ba ka da tallafi, kafin biza sai ka nuna kusan Yuro dubu goma sha biyu a rufaffen asusu, wato asusun banki da ake kulle kuɗin zamanka a ciki. Juya shi zuwa naira ka gani.

Jiya ɗan baffana da ke hidimar ƙasa ya sake turo mini nasa "a yi mana hanya". Na ce ranar Litinin ya je ya biya kuɗin takardar sakamakonsa, ya nemi fasfo, ya turo mini hoton rasit. Har yanzu shiru.