Yadda Na Tsare Kaina a Danja da Hannuna

Ni fa tsautsayi ne da son burgewa suka kai ni. Na daɗe ina buga Train Simulator, wasan tuƙin jirgin ƙasan nan na kwamfuta da ya fara fita da sunan RailWorks a 2009, kullum sinariyon da wasu suka haɗa, wato shiryayyiyar tafiya a cikin wasan, nake tuƙawa ina ƙorafi, wannan ya yi sauƙi, wancan layin babu cunkoso. Ranar nan na ce kai, su waye su, bari in buɗe edita in haɗa nawa.

Shirin mai sauƙi ne. Zan ɗauki HST, jirgin fasinjan Birtaniya mai gudun mil 125 a awa, daga tashar Paddington ta Landan zuwa Reading, tafiyar kamar mil 36. Na jera taragu a kan layi, na kawo kan jirgi na ajiye a gaba, na manna masa alamar direba, na danna wasa. Na saki birki na ba shi wuta, sai na ji jirgi ya tashi fit kamar an mari jaki, har ina yaba kaina wai hannuna ya faɗa. Sai da na juya kyamara waje na ga ashe kan jirgin ne kaɗai ke tafe, taraguna na can tasha da fasinjoji a tsaye, ban haɗa su ba, na bar ɗan gibi tsakani da ko yatsa ba zai shiga ba.

To na gyara wannan. Daga nan ne son zuciya ya shigo, na ce ai layin Landan ba a ganinsa shiru, sai na zuba jiragen da kwamfuta ke tuƙawa har 14, na fasinja da na kaya, kowanne na ba shi lokacin tashi da inda zai ƙare. Abin da ban lura ba shi ne kowane direba akwai matsayin da ake zaɓa masa, ko mai gudu ne, ko mai tsayawa kowace tasha, ko na kaya, kuma da wannan ne mai raba hanya na cikin wasan yake yanke wanda zai fara wucewa. Ni kuma da gaggawa na ba wani jirgin kaya Class 66 mai jan duwatsu matsayin jirgin fasinja mai gudu, ni mai HST na bar kaina a matsayin ɗan dako.

Kafin tashar Slough sigina ta ba ni ruwan ɗorawa biyu, sai ɗaya, sai ja. Na tsaya. Minti biyar, goma, ina zaune ina kallon danja tana kallona, ina cewa a raina ai haka ainihin aikin yake, direba sai da haƙuri. Na danna maɓallin Tab in roƙi izinin wucewa, aka ce a'a. Wallahi sinariyon da ni na haɗa da hannuna, a kwamfutata, aka ce min a'a. A minti na ashirin da wani abu ƙanina ya leƙo ya ce "Yaya, wasan ne ya maƙale ko hoto kake kallo?" Na ce masa wannan harka ce ta manya, ya je ya dawo.

Da na buɗe taswira sai ga gaskiya tsirara. Mai duwatsun an ba shi hanya ta gabana, shi kuma ba zai iya motsi ba don wani ƙaramin jirgi ya tare shi, ƙaramin kuma jira yake in wuce. Mu uku kowa na cewa ɗan'uwansa bismillah, kuma da na ƙyale mu da har yau muna nan.

Na koma edita na yi ta canza matsayi da lokuta har idona ya fara ganin layin dogo a bango. Gwaji na gaba ina sheƙa gudu lafiya lau sai wasa ya tsaya cak, wai jiragen kwamfuta sun yi karo, can wani lungu da ban ma isa ba, biyu na tura layin ajiya ɗaya. Hatsarin da ban gani ba, ban ji ƙararsa ba, amma ni aka kora.

Dare ya yi nisa kafin na samu wanda ya tafi sumul. Kore, kore, kore tun daga Paddington, na shiga Reading a kan lokaci, na danna T ƙofofi suka buɗe, na kira ƙanina da ƙarfi ya zo ya ga aikin injiniya. Ya zauna ya tuƙa, ƙararrawar AWS mai gargaɗin direba ta yi ƙara bai danna Q ba birki ya kama shi, na yi masa dariya son raina. Shi bai ce komai ba, yana ta leƙen taga.

"Yaya, su waɗannan jiragen naka yajin aiki suke yi? Tun da muka taso ban ga ko ɗaya ya motsa ba."

Na duba jadawali. Garin gyare-gyare na mayar da tashina 07:00 na safe, su 14 ɗin duk suna nan a 19:00 da wani abu. Na ce masa ranar Lahadi ce.